Yadda Za Ku Zaɓi 'Ya'yan Lissafin Maki Don Kartar Majalisa

Mafi yawan rigimar da ke tashi a kan tabarmar karta, wajen lissafin maki take tashi. Duk wanda ya saba zama majalisar dare a unguwar Bolewa da ke Potiskum, jihar Yobe, ya san yadda abin yake: a ba mutum ɗaya biro da bayan kwalin ganyen shayi, ya yi ta rubutu a hasken waya, can zagaye na tara sai ka ji wani ya ce, "Haba Malam, 34 na ce maka, ina ka samo 43?" Daga nan wasa ya watse, shayi ya huce.

'Yan wasan poka a Amurka sun daɗe da raba kansu da wannan, ta hanyar amfani da wasu 'yan fayafayai masu launi, kowane launi da darajarsa. Kowa na ganin abin da ke gaban kowa, babu mai riƙe da littafi. Mu ma dabarar ba baƙuwarmu ba ce, don 'yan dara ba su taɓa neman biro ba, tsinke da tsakuwa sun ishe su. Ga matakan da majalisa za ta bi ta samu nata 'ya'yan lissafin, ko na saye ko na haɗin gida.

Mataki na farko: ku rufe ƙofar kuɗi tun kafin a sayi komai

A gidajen caca na Las Begas, kowane faifai kuɗi ne, ana canza shi a kanta. A nan dole a yanke wannan igiyar. Hukuncin caca a bayyane yake cikin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90, kuma Yobe na cikin jihohi 12 na Arewa da suka dawo da dokokin shari'a a farkon shekarun 2000. Ita kanta kartar da babu kuɗi malamai sun yi saɓani a kanta, mafi yawansu kuma suna gargaɗi kan wasan da ke cin lokacin sallah. Kowa ya tambayi malaminsa.

Saboda haka ku faɗa a fili, kowa ya ji: 'ya'yan nan maki ne kawai, ba a saya, ba a sayarwa, ba a bashinsu, kuma wanda ya ƙare ba ya biyan kuɗin shayi ko tsire. Wannan na ƙarshen shi ne ƙofar da caca ta fi shigowa ta cikinta. Wannan sharaɗi yana shafar zaɓin ma. Kada ku ɗauki masu alamar dala ko sunan gidan caca a jiki. Kada ku yi amfani da tsabar naira ɗaya da naira biyu da Babban Banki ya fitar a 2007, ko da yake ba mai karɓarsu a kasuwa, har yanzu kuɗi ne a idon mai wucewa. Wuri ma ku bar shi: dattijon da ya ga samari sun kewaye wuri da dare, ko caca zai kawo a ransa ko duba.

Mataki na biyu: ku yi lissafi da kartar da kuke bugawa

Akwatin fayafayan da ake sayarwa an tsara shi ne don poka, inda fari ke zama 1, ja 5, kore 25, baƙi 100. Amma a majalisunmu Whot aka fi bugawa, kartar da wani Bature mai suna William Storey ya ƙirƙira a Ingila a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa ta, ta zo ta samu gindin zama a Najeriya fiye da ƙasar da ta fito. Ganyenta 54 ne: da'ira 12, alwatika 12, kuros 9, murabba'i 9, tauraro 7, sai Whot guda 5 masu lamba 20. Idan wani ya zubar da kartarsa ta ƙarshe, sauran su ƙirga abin da ya rage a hannunsu, a yawancin majalisu kuma tauraro ninki biyu ake ƙirga shi.

Tunda Whot 20 ce, darajar 25 ba ta da amfani a wurinku. Ku yi daraja uku: 1, 5 da 20. A ba kowa maki 200 a farkon zama, wato 'yan ɗaya guda 10, 'yan biyar guda 10, 'yan ashirin guda 7. Guda 27 ke nan a gaban kowane mutum. Wanda aka kama da 14, da 13, da tauraro 8, da Whot ɗaya, makinsa 63 ne: ya tura wa wanda ya ci 'yan ashirin uku da 'yan ɗaya uku, magana ta ƙare. Da 200 mutum zai jure irin wannan dukan sau uku kafin ya tashi ya ba mai jira wuri.

Mutum shida na buƙatar guda 162. Ku ƙara na canji da na maye gurbin waɗanda za su ɓata, a ce gaba ɗaya 'yan ɗaya 80, 'yan biyar 80 da 'yan ashirin 60, jimla 220. Akwati mai 300 ya wadatar, mai 500 ɓarnar kuɗi ce sai in majalisarku na kaiwa mutum goma. Abu ɗaya dai: ku tambayi yadda aka raba launukan a cikin akwatin, don wani zai zo da launi biyar ko shida alhali uku kuke so da yawa.

Mataki na uku: da me aka yi su

Nan ne kuɗi ke tafiya, nan kuma ake yaudarar mai saye. Na gidajen caca na gaske faɗinsu milimita 39 ne, nauyinsu kuma daga giram 8 da rabi zuwa kamar 10, ana yin su da wani haɗi mai yumɓu da ake matsawa a inji, ko kuma da tangaran na musamman. Suna da daɗin riƙo, ba sa santsi, amma tsadarsu ta wuce wasan majalisa. Waɗanda suka cika shagunan intanet da na kayan wasanni a Kano da Abuja, masu zuwa cikin akwatin alminiyam an rubuta giram 11.5, roba ce aka cusa wa ƙarfe a ciki. Mai shago zai ce maka nauyin shi ne shaidar inganci. Sa maganaɗisu ka gani, zai kama. Ba laifi ba ne a saye su, suna da ƙarko, kawai kada a biya kuɗin na yumɓu a kansu. Akwai kuma na roba zalla marasa nauyi, masu arha. Waɗannan na cikin ɗaki ne. A ƙofar gida lokacin hunturu, iska ɗaya za ta kwashe makin mutum ta kai kwata.

Ni dai in aka tambaye ni, Potiskum ba ta buƙatar aika wa Kano ta hanyar Azare don wannan. Gari ne na tireloli da kanikawa, kuma duk shagon kayan gyaran mota akwai wosha, zoben ƙarfen nan da ake sa wa noti. Ku zaɓi mai faɗin da ya ɗan fi murfin kwalba, farin ƙarfe wanda ba ya saurin tsatsa, duka daga kwali ɗaya don kaurinsu ya zo daidai. A wanke maiƙon da kananzir sannan da omo, a shanya, a jera a kan tsohuwar jarida, a fesa fenti gefe ɗaya, ya bushe sosai, a juya. Tana da nauyi, tana hawa kan juna, iska ba ta ɗaukarta, ga rami a tsakiya da za a zura igiya. Aibinta ƙara: a kan tebur da tsakar dare maƙwabta za su ji ku, don haka a shimfiɗa darduma ko bargo.

Maɓalli ma na yi, manya irin na kwat. Masu kayan tela na sayar da shi a guros, wato guda 144, launi kuma sai wanda ka zaɓa. Sai dai ba ya tsayuwa idan an jera shi sama, ga shi yara na sa shi a baki. Murfin kwalbar lemo kyauta ne, kuma ya zo da launinsa, amma kowa na iya tsinto irinsa a hanya ya sa a aljihu, kun ga an samu jabun kuɗi a ƙasar da babu kuɗi. Haka matsalar 'ya'yan tsamiya da ƙwallon dabino take, musamman bayan azumi da dabino ke ko'ina. Wake da gujiya kuwa kada ma a fara, ƙwari za su huda su, akuya ta ƙarasa sauran.

Mataki na huɗu: ku zaɓi launi a hasken da kuke wasa

Launin da ya yi kyau a shago da rana tsaka ba shi ne za ku gani bayan isha'i ba. A ƙarƙashin fitilar sola da cajinta ya fara sauka, shuɗi mai duhu da baƙi abu ɗaya ne, kore mai duhu ma yana bin su. Ku ɗauki fari, ja mai haske da baƙi, ko fari, rawaya da baƙi. Kada ku haɗa ja da kore a matsayin manyan darajoji: kusan namiji ɗaya cikin 12 a wasu al'ummomi ba ya rarrabe su da kyau, kuma da yawa ba su ma san suna da matsalar ba. Idan wosha ce, akwai hanya mafi sauƙi, a bambanta girma: ƙarama 1, matsakaiciya 5, babba 20. Ko an ɗauke wuta hannu zai gane.

Ku kuma kalli tabarmar. Jan faifai a kan jar tabarmar roba ɓata yake yi.

Mataki na biyar: gwaji kafin a biya

Ku jera guda 20 a kan juna. In jerin ya karkace ko yana rawa, ba a yanka su daidai ba. Ku tura jerin da yatsa a hankali: mai kyau zai tafi tare, mai santsi zai tarwatse. Ku kankare gefen ɗaya da farce. Idan lambar takarda ce aka liƙa, zafin watan Afirilu na Potiskum, da ke haura digiri 40, da gumin hannu za su ɗaye ta kafin damina. Ku nemi wadda aka buga a jikin faifan, ko marar lamba gaba ɗaya, wadda ma ta fi dacewa tunda ku ne za ku sa mata daraja. In ta intanet za a saya, a fara sayen ƙaramin ƙunshi a gani kafin a tara kuɗin babban akwati.

Bayan an kawo, ku yi musu alamar majalisa: ɗigon jan farce a wuri ɗaya, ko ɗan zane da ƙusa mai zafi in roba ce.

Mataki na shida: ma'aji da wurin ajiya

A naɗa mutum ɗaya ma'aji, zai fi kyau mai gidan da ake zama a ƙofarsa. Shi zai raba 27 ga kowa, shi zai ba da canji, shi zai ƙirga kafin a tashi. Wosha a zura ta a igiya ashirin-ashirin, ƙirgar ba za ta ɗauki minti biyu ba. A zuba a gwangwanin madara mai murfi, a ɗora inda hannun yara ba ya kaiwa, nesa da rana da laima. Da damina a riƙa goge na ƙarfe da busasshen tsumma kafin a rufe. Kartar kuma a ba ta nata gwangwanin daban, don ƙarfe na cin gefenta, kuma Whot ɗin da gefenta ya lanƙwashe kowa zai gane ta tun tana cikin kasuwa, wato tarin kartar da ake ɗiba.