DARASIN WANNAN WATA: ALKYABBA DA 'YAN UWANTA

Jama'a masu karatu, sanyi ya shigo. A Rurum Tsohon Gari da ƙauyukan da ke kusa da ruwan Tiga, kowa ya fito da abin rufarsa. Wani bargo, wani gwado, wani mayafi. Amma akwai abin rufa guda ɗaya da ba sanyi ke sa a fito da shi ba. Shi ne alkyabba. A kanta za mu yi darasinmu na wannan wata.

Yadda za ka bambanta su

Mayafi da gwado da bargo duk shimfiɗaɗɗu ne. Ba a yanka su daidai jikin kowa ba. Da rana ka yafa, da dare ka rufa. Jabba kuwa riga ce, sa ta ake yi, gabanta a buɗe.

Alkyabba tana tsakani. An yanka ta, an ɗinka ta, amma ba ta da hannu. A kafaɗa ake ɗora ta, ta sauka har kusan idon sawu. Gabanta a buɗe yake. A bayan wuya tana da wata hula da ake kira ƙoƙuwa, wadda ake iya jawowa a rufe kai har da rawani. To, ka riƙe alamu uku: tsawo, rashin hannu, da ƙoƙuwa.

Turawa ma suna da irin wannan sutura, kuma sun raba ta biyu. Doguwa mai rufe jiki duka sunanta dabam. Gajera mai tsayawa a baya ko ƙugu, wadda galibi ba ta da hula, ita ma sunanta dabam. Gajerar ce 'yan sandan Ingila da Faransa suke yafawa a da saboda ruwan sama. Mu ma muna da namu maganin ruwan, wato kabido na kaba, wanda makiyaya da manoma ke fakewa a ciki da damina.

Daga ina ta zo?

Asalin alkyabba Arewacin Afirka ne, wajen Maroko da Aljeriya da Tunis da Libiya. Can suna kiran ta burnus. Da gashin tumaki ko na raƙumi suke saƙa ta. A wurinsu tufar matafiyi ce da makiyayi. Tana tare masa sanyin dare da ƙurar sahara, in barci ya zo ya naɗe a ciki. Wato aikin da bargonka yake yi maka ke nan.

Fataken Larabawa na Gadamus da Tarabulus su suka riƙa kawo ta Kano a kan raƙuma, ana sayarwa a Kasuwar Kurmi. Tafiyar watanni ce. Saboda haka tana isowa da tsada, talaka bai isa ya taya ba. Sai ta zama ta sarakuna da manyan malamai da attajirai, ana yin ta da mulufi ko karan-miski, a yi mata ado da zaren siliki. A 1851 wani Bature ɗan Jamus mai suna Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya zo Kano. Cikin gaisuwar da ya kai wa Sarkin Kano Usman, babban abin shi ne baƙar alkyabba mai ado. Ya san abin da ke da daraja a fada.

Ba a ɗauka, bayarwa ake yi

Girmama mutum da abin yafawa tsohuwar al'ada ce. Manzon Allah (SAW) ya yafa wa mawaƙi Ka'abu ɗan Zuhairu mayafinsa bayan ya musulunta ya yi masa yabo. Ko a 2022, da aka gama gasar ƙwallon ƙafa ta duniya a Ƙatar, sarkin ƙasar ya yafa wa Messi, kyaftin ɗin Ajantina, irin tasu da suke kira bishit. Ita ba ta da ƙoƙuwa.

A ƙasarmu, bayan jihadin Shehu Usman ɗan Fodiyo na 1804, idan za a naɗa sabon sarki, daga Sakkwato ake aiko da alkyabba da rawani. Su ne shaidar Sarkin Musulmi ya yarda. Shi kuma sarki haka yake yi wa hakimansa, har yau. Rawani a ka, alkyabba a kafaɗa, sannan a ce an naɗa wane. Shi ya sa ko kana da kuɗin sayen goma, ba ka sa ta ka tafi cin kasuwar Rano ko Kibiya. Sai a tambaye ka, "Wa ya naɗa ka?"

Ban da masu sarauta, liman yakan sa ta ranar Juma'a da ranar Idi. Ɗalibin da ya sauke Alƙur'ani akan yafa masa ranar walima. A wasu gidaje amarya ma tana sawa. Yanzu ba sai an jira raƙuma ba, maɗinkan Kano da Zariya suna yin ta da kyau.

Abin da ya fi damun mu shi ne gwado. Ƙasar Rano tun da can an san ta da baba da rini da saƙa. Alkyabba baƙuwa ta samu masu riƙe ta, gwado ɗan gida kuwa bargon kanti da na gwanjo sun kusa kore shi. Masaƙa sun tsufa, samari ba su koya ba.

Aikin aji

1. Rubuta bambanci biyu tsakanin alkyabba da mayafi.
2. Mece ce ƙoƙuwa?
3. Tambayi wani dattijo ko akwai mai saƙa gwado da ya rage a garinku. Rubuta abin da ya gaya maka cikin layi biyar, ka ba malaminku ya aiko wa Edita.