YADDA A KE RABA RUMBUN KWAMFUTA GIDA BIYU

Wannan takarda domin hakimai ce da malaman ofisoshinsu, musamman na ƙasar Kalmalo da Illela, waɗanda ke riƙe da lissafin gonaki da na rabon gado a cikin kwamfuta.

Dalilin wannan aiki

Kowace kwamfuta tana da rumbu inda ta ke ajiye rubutu, tana kuma da uwar manhaja wadda ke tafiyar da ita. Wadda aka fi sani ita ce Windows. Ran 14 ga Oktoba, 2025 ke nan kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10, ga shi kuwa tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su iya ɗaukar Windows 11. Akwai wata uwar manhaja, Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a ƙasar Finlan cikin 1991. Kyauta a ke samunta, ana kuma gyara ta kullum. Irinta da ta fi yaɗuwa ita ce Ubuntu, wadda ta fito a 2004. Malami yana iya zaunar da su biyu a rumbu guda: ya shiga intanet da Linux, ya bar Windows domin tsofaffin ayyukan da ba su tafiya sai da ita.

Mutanen Kalmalo sun san sha'anin iyaka. Tsakanin 1906 da 1908 Manjo O'Shee na Ingila da Kyaftin Tilho na Faransa suka bi ƙasa suna kafa alamu, Birnin Ƙonni ta faɗa wancan gefe, Kalmalo ta zauna wannan. Rabon rumbu ma haka ya ke, sai an auna, an shata, an rubuta. Wanda ya shata da ka, gonar wani zai ci.

Abin da za a yi kafin a fara

1. A kwafe dukan takardun ofis a wani rumbu dabam, a buɗe su a tabbata sun kwafu, sa'an nan a kulle shi a akwati.

2. Idan Windows ta kulle rumbun da makullin BitLocker, a nemo lambar buɗewa mai alƙaluma 48, a rubuta ta a littafin ofis. Wanda ya rasa ta yana iya rasa kome.

3. A kashe dabarar nan ta Windows ta saurin tashi, domin tana barin rumbu a ɗaure, Linux ba ta iya rubutu a ciki.

4. A cika batir, ko a tanadi janareta. Ɗaukewar wuta ana tsakiyar rabo tana ɓata rumbu.

Yadda a ke rabon

Da fari a duba irin littafin iyakar rumbun. Tsohon tsari, watau MBR na 1983, manyan sassa 4 kaɗai ya ke yarda da su. Sabon, watau GPT, yana kai 128. Idan tsohon ne kuma sassa huɗu sun cika, a dakata a nemi masani.

Windows ce a ke fara zaunarwa, domin idan ta zo daga baya takan ture abokiyar zamanta daga ƙofa. A buɗe wurin da ta ke kira Disk Management, a tsuke sashenta, a bar fili babu kome. Ga misali: rumbun da aka rubuta wa gigabait 500, kwamfuta za ta nuna kamar 465. A bar wa Windows 250, a ba Linux 100, ko da ya ke 25 ma tana isar Ubuntu ta zauna. Sauran 115 a mai da shi tsakar gida inda duka biyu za su ajiye takardu. A tsara shi da tsarin NTFS, gama Linux tana karanta wannan, amma Windows ba ta karanta tsarin ext4 na Linux da kanta.

Daga nan a zuba Ubuntu a filash, a ta da kwamfuta da shi. Za ta yi tambaya: a share rumbu duka, ko a zauna tare da Windows? Nan ne wurin hatsari. Malami ya karanta sau biyu kafin ya taɓa. Akwai kuma wani ɗan ƙaramin sashe mai suna EFI, wanda galibi bai wuce megabait ɗari ko ɗari biyu da 'yan kai ba. Shi ne zauren gidan, kada a share shi.

Za ta kuma tambayi tsarin maɓallai. Kwamfutar da ta fito ƙasar Nijar takan zo da na Faransa, wanda layinsa na sama ya fara da A da Z. A zaɓi wanda ya dace, a ƙara na Hausa domin ɓ da ɗ da ƙ.

Bayan an gama

Duk sa'ad da aka kunna kwamfuta, wani mai tsaron zaure da a ke kira GRUB zai nuna sunayen biyu, malami ya zaɓi wadda ya ke so. Idan aka ga agogo ya saɓa da sa'a 1, kada a damu. Linux tana lissafi da agogon duniya, Windows da na gari, namu kuwa yana gaba da sa'a guda. A daidaita su a kan ɗaya.

Wajibin hakimi

Kada hakimi ya yarda a kai kwamfutar ofis kasuwa wurin mai gyara sai ya ga kwafin takardu da idonsa. Malami kuma ya rubuta ranar aikin, da girman kowane sashe, da sunan wanda ya yi shi, hakimi ya sa hannu. Takardar gonar maraya idan ta ɓace, shari'a ce ta shekaru. Rigakafi ya fi magani.