Zaman Baƙunci a Garin Ifran

Ifran ƙaramin gari ne a kan duwatsun Atlas na ƙasar Maroko. Faransawa ne suka kafa shi a 1929, domin su riƙa guje wa zafin bazara. Tun da aka buɗe Jami'ar Al Akhawayn a 1995, inda ake koyarwa da Turanci, malamai daga ƙasashen waje suke zuwa zama a garin.

Hunturu ne yake gwada haƙurin baƙo. Dusar ƙanƙara takan toshe hanya, dare ya yi tsawo, wuraren hira kuma kaɗan ne. Wanda bai iya Larabcin Maroko ko Faransanci ba, a kasuwa tamkar kurma yake. Shi ya sa wasu sukan gangara birnin Fas a ƙarshen mako, ko don su ga cunkoson jama'a.