Darasi a Kan Ƙoda: Yadda Take Tace Jini

 Kowannenmu ya san hukuncin fitsari a babin tsarki, amma kaɗan ne suka san inda yake fitowa da irin aikin da ake yi kafin ya fito.

Ɗan Adam yana da ƙoda biyu a bayan ciki, dama da hagu, kowace nauyinta kamar giram 150. A cikin kowace akwai ƙananan matatai kimanin miliyan ɗaya, waɗanda likitoci ke kira nefuron, ido ba ya ganinsu sai da madubin bincike. Duk da ƙanƙantar ƙoda, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa ta nan yake bi.

Kowane nefuron yana farawa da wani ƙulli na siraran jijiyoyin jini, zaune cikin ɗan ƙoƙo, wanda Bature Bowman na Ingila ya bayyana a 1842. Ƙarfin bugun jini ne ke tura ruwa ta wannan rariya. Ruwa da gishiri da sukari da dattin jiki su wuce, ƙwayoyin jini da manyan sinadaran gina jiki su tsaya. Abin da ke wucewa a yini ɗaya ya kai litir 180, alhali fitsarin mutum bai cika wuce litir ɗaya da rabi ba. To, ina sauran?

A nan ne babban aikin yake. Ruwan da aka tace yakan shiga wani siririn bututu mai lanƙwasa, bututun kuwa ya riƙa mayar da abin da jiki ke buƙata cikin jini. Ku sani gishiri idan ya narke yakan rabu zuwa ƙwayoyi masu ɗauke da ɗan ƙarfin lantarki, kamar sodiyom da kuloraid. Fotasiyom ma irinsu ne. A bangon bututun akwai famfo na halitta, wanda a kowane juyi yake fitar da sodiyom uku ya shigo da fotasiyom biyu. Jens Skou na ƙasar Danmak ya gano shi a 1957, aka ba shi kyautar Nobel a 1997. Duk inda sodiyom ya nufa, ruwa na biye da shi. Da haka farkon bututun kaɗai ke kwashe kusan kashi biyu cikin uku na ruwa da gishiri, tare da sukarin duka. Amma idan sukari ya haura kamar giram 1,8 a litir na jini, masu ɗaukarsa sukan gaza, sai ya zube a fitsari. Shi ya sa tururuwa ke taruwa inda mai ciwon sukari ya tsuguna.

Daga nan bututun ya nutsa can cikin ƙoda ya dawo, kamar lanƙwasar ƙugiya, yana tara gishiri a wajen. Wannan tarin gishiri shi ke amfanar mai azumi a bazara. Idan ƙishirwa ta kama, ƙwaƙwalwa takan saki wani sinadari da ke buɗe ƙofofin ruwa a ƙarshen bututun, gishirin nan ya janye ruwan ya koma jini, fitsari ya ragu ya yi ja. Amma tattalin yana da iyaka: dole ne a fitar da kamar rabin litir kullum domin datti ya fita.

Abin da ya fi damuna shi ne nefuron idan ya mutu ba ya sake tsirowa, kuma mutum yana iya rasa rabinsu bai ji ciwo ba. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe su. Sai yawan gishiri da kanwa, wadda ita ma sodiyom ce, masu tayar da hawan jini. Sai ƙwayoyin ciwon jiki irin su diklofenak da ibuprofen da ake saye a hannun masu talla: suna rage jinin da ke shiga rariyar, balle ga wanda ya yini a rana bai sha ruwa ba. Mai ciwon ƙoda ya tambayi likita kafin ya ɗauki azumi, shari'a ta yi wa marar lafiya rangwame. Awon jini na kiriyatinin da awon fitsari suna nuna ɓarna tun da wuri. Idan ƙoda ta gaza gaba ɗaya, abin da ya rage shi ne dashen wata, ko wankin jini da na'ura, yawanci sau uku a mako, awa huɗu kowane zama.