Darasin Lafiya: Jinyar Ciwo da Kumburi da Haske Mai Sauƙi

A ranar 11 ga Fabrairu na kowace shekara Ikilisiya tana kiyaye Ranar Marasa Lafiya ta Duniya, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya kafa a 1992. Albarkacin wannan rana muka ga ya dace mu tsaya a kan wata tambaya da ta sha zuwa gare mu bayan Misa, musamman daga iyayenmu mata na Zumunta da tsofaffinmu masu fama da gwiwa da ƙugu: shin wannan jan haske da ake haska wa jiki yana maganin ciwo kuwa, ko dabarar cin kuɗi ce? Amsarmu ita ce akwai gaskiya a cikinsa, amma gaskiyar ba ta kai girman abin da 'yan talla suke faɗa ba.

Jinya da haske ba sabon abu ba ne. A 1903 wani likitan ƙasar Denmak, Niels Finsen, ya sami lambar yabo ta Nobel saboda warkar da tibin fata da haske. Da yawa daga cikinmu kuma sun ga jariri mai shawara kwance ƙarƙashin shuɗiyar fitila a asibiti. Amma irin hasken da muke magana a kansa daban ne, kuma asalinsa ya faɗo ne bisa tsautsayi mai albarka. A 1967, shekara bakwai bayan ƙirƙiro na'urar leza, Likita Endre Mester na birnin Budafes a ƙasar Hungari ya aske bayan ɓeraye ya haska musu leza mai rauni, yana binciken abin da ya shafi ciwon daji. Sai ya lura gashin waɗanda aka haska ya riga na sauran tsirowa. Daga nan ya koma gwada hasken a kan gyambon da ya ƙi warkewa.

Yadda abin yake aiki ya cancanci mu ɗan daɗe a kansa, domin a nan ne mutane suke ruɗewa. Wannan haske ba ya ƙuna, ba ya yanka, kuma ba ɗumi ne amfaninsa ba, saɓanin fitilar nan mai zafi da ake gasa baya da ita a sashen gashin ƙashi. Ja ne, ko kuwa wanda ya ɗan zarce ja har ido ba ya ganinsa, tsawon zangonsa tsakanin nanomita 600 da 1,000. A cikin ƙwayoyin halittar jikinmu akwai wasu 'yan ƙananan sassa da ake kira mitokondiriya, waɗanda suke kamar murhun da ake sarrafa abinci ya zama ƙarfi. Bayanin da akasarin masana suka fi karɓa shi ne cewa wani sinadari a cikin wannan murhu yana shan hasken, sai aikinsa ya ƙaru, jini ya ƙara gudana a wurin, sinadaran da ke hura wutar kumburi kuma su ragu. Sai dai akwai ƙa'ida: idan hasken ya yi kaɗan ba ya yin komai, idan ya yi yawa amfanin ya gushe. Kamar gishiri ne a miya. Haka kuma ba ya nutsawa can ciki, kuma baƙar fata irin tamu tana shanye kaso mai yawa na jan hasken tun a sama, don haka wajibi ne mai aikin ya san yadda zai daidaita awonsa.

To ina aka tabbatar da amfaninsa? A 2009 mujallar likitoci ta Lancet ta buga nazarin da ya tattara gwaje-gwaje 16 a kan mutum 820 masu ciwon wuya, aka ga ciwon ya ragu, kuma ga masu daɗaɗɗen ciwo sauƙin ya kai har mako 22 bayan an gama jinyar. Ga masu amosanin gaɓɓai an ga raguwar ciwo da sandarewar safiya, amma na ɗan lokaci. Inda hujjar ta fi ƙarfi shi ne mikin baki da ke addabar masu karɓar jinyar ciwon daji, wanda yakan hana su ko haɗiye ruwa. A 2018 hukumar da ke tantance hanyoyin jinya a Ingila ta amince da amfani da shi a kan wannan. Duk wanda ya taɓa kai Jibin Ubangiji ga irin wannan majinyaci ya san cewa wannan ba ƙaramar jinƙai ba ce. Game da ciwon baya kuwa, sakamakon gwaje-gwaje ya saɓa wa juna.

Abin da ya dame mu shi ne wani abu dabam. Mun ga masu talla suna zuwa harabar majami'a da ƙananan fitilu, wani lokaci har suna buɗe jawabinsu da addu'a, suna cewa na'urarsu tana warkar da ciwon sukari, hawan jini, sikila da rashin haihuwa. Wannan ƙarya ce. Haske yana iya rage raɗaɗi da kumburi a inda aka haska shi. Ba ya sauke sukari, ba ya canza jinin mai sikila, ba ya mayar da guringuntsin gwiwa da ya cinye. Iyalin da ya sayar da buhun masara don sayen irin wannan fitila, sa'an nan ya ajiye ƙwayoyin hawan jini, ya jefa ransa cikin haɗarin shanyewar jiki. Ciwo kuma sau da yawa ɗan aike ne. Kumburin ƙafa yana iya zama saƙo daga zuciya ko ƙoda, ƙullutu a nono kuwa yana bukatar gwaji tun da wuri, ba fitila ba. Littafin Sirak, babi na 38, yana koya mana mu girmama likita, mu kuma yi addu'a, ba tare da mun yar da ɗayan don ɗayan ba. Shafewar Marasa Lafiya ma ba ta taɓa zama dalilin ƙin zuwa asibiti ba.

Saboda haka muna roƙon katikis da shugabannin ƙungiyoyi kada su ba kowane mai sayar da na'urar jinya damar yin sanarwa a cikin majami'a ba tare da sanin Fada da ma'aikatan lafiya na Ikilisiya ba. Wanda yake son gwada wannan jinya ya fara sanin sunan ciwonsa daga bakin likita, sa'an nan ya tambayi ma'aikacin gashin ƙashi ko ta dace da shi. A rufe idanu da tabarau na musamman yayin haskawa, domin leza tana iya lalata ido. Kada a haska kan ƙullutun da ba a gwada ba, ko kan cikin mace mai juna biyu. Idan an yi 'yan makonni babu wani sauƙi, a dakata a koma wurin likita da katin asibiti da sauran magungunan da ake sha.