SABON TAURARO NA SHEKARAR 1901

A daren 21 ga watan Fabrairu, 1901, wani limamin Kirista mai suna Thomas Anderson, mutumin birnin Edinbara ta ƙasar Sikotlan, ya hangi wani tauraro a wurin da ba a saba ganin tauraro ba. Wurin nan yana arewa da Kaza da 'Ya'yanta, cikin rukunin taurarin da Turawa su ke kira Perseus. Cikin kwana biyu haskensa ya kai na manyan taurarin sama. Sa'an nan ya yi ta dushewa, har ido ya kasa ganinsa sai da madubin hangen nesa. Masana sun sa masa suna GK Persei.

Asalin Al'amarin

Irin wannan tauraro ana ce da shi nova, watau "sabo" da harshen Latin. Amma a gaskiya ba sabo ba ne, daɗaɗɗe ne, ƙarancin haske ya ɓoye shi. Bincike ya nuna taurari biyu ne kusa da juna, suna kewaya juna sau ɗaya cikin kamar kwana biyu. Ɗaya babba ne. Ɗayan kuwa ƙarami ne, girmansa bai wuce na duniyarmu ba, amma nauyinsa ya yi kusa da na rana. Saboda tsananin nauyin nan, ƙaramin yana janyo iskar haidirojin daga jikin babban, tana taruwa a bisansa, tana matsuwa, tana ƙara zafi. Da zafin ya kai iyaka sai ta tashi gaba ɗaya, hasken ya ninka sau dubbai. Duk da haka taurarin biyu ba su halaka ba. Ɓawon waje kaɗai ya tarwatse, har yanzu kuwa ana ɗaukar hoton ɓurɓushinsa yana bazuwa. Tun wajen shekarar 1980 kuma, kamar kowace shekara uku, ya kan ɗan ƙara haske na wata biyu, ya koma.

Nisansa

Haske yana tafiyar mil 186,000 cikin sakan ɗaya, amma sai da ya yi kimanin shekara 1,500 kafin ya iso daga can. Ashe abin da Anderson ya gani ya auku tun kakannin kakanninsa ba su zo duniya ba.

Abin Lura

In irin wannan tauraro ya bayyana, jama'a su kan tsorata, wasu su ce alamar yunwa ce, ko annoba, ko rasuwar wani babba. Ya kamata Hakimai su kwantar musu da hankali, gama abin da ya auku tun shekaru aru-aru, a wuri mai nisa haka, ba shi da hannu cikin damina ko lafiyar gari. Malaman ofis kuma su rubuta ranar da aka fara ganinsa, da sa'a, da taurarin da ke kusa da shi. Irin wannan lura ce ta sa ba a manta da sunan Anderson ba.