Darasi Na 12: Bitamin Masu Tsaron Jiki

Da yawa daga cikinmu muna zaton idan ciki ya cika, shi ke nan. Ba haka ba ne. Mutum yana iya ƙoshi da tuwo kullum, amma ya yi ta ciwo. Tuwo yana ba mu ƙarfin noma. Nama da wake suna gina jiki. Akwai kuma waɗansu abubuwa cikin abinci masu tsare jiki daga cuta. Sunansu bitamin. Wani masani, Casimir Funk, shi ya sa musu wannan suna a 1912. Iri 13 ne. Ido ba ya ganinsu, kuma kaɗan jiki yake bukata, amma rashinsu yana kawo cuta.

Duk mun san dundumi. Yaro yana gani sarai da rana, amma da magariba ta yi sai ya riƙa lalube yana tuntuɓe. Sau da yawa rashin bitamin A ke kawo shi. Idan aka ƙyale, ido yana iya bushewa, yaro ya makance. Ƙyanda tana ƙara wannan hatsari. Ana samun bitamin A cikin manja, hanta, ƙwai, man shanu, zogale, alayyafo, kabewa, mangwaro da gwanda.

Rashin bitamin C yana sa dasashi ya yi jini, rauni kuma ya daɗe bai warke ba. Ana samunsa cikin lemo, gwaba, tumatir da ƙwamen kuka. Jiki ba ya ajiye shi da yawa, saboda haka mu neme shi kullum.

Ga abin da za mu yi. Mu dasa zogale da gwanda a bayan gida. Mu shanya ganye a inuwa, domin rana tana rage amfaninsa. Kada a daɗe ana dafa ganye, kada kuma a cika kanwa. A sa ɗan mai a miya, domin mai ke taimakon jiki ya karɓi bitamin A. Mu kai yara asibiti, daga wata 6 zuwa shekara 5, a ɗiga musu bitamin A sau biyu a shekara. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi
1. Mene ne aikin bitamin?
2. Me ke kawo dundumi?
3. Rubuta abinci uku masu bitamin A da ake samu a ƙauyenku.